Bayan guguwa, kafin dinya ta tashi: jagorar aikin gona a gaɓar Solway a ƙarshen sanyi

Ranar Juma'a 24 ga Janairun 2025 guguwar da aka raɗa wa suna Éowyn ta bi ta kanmu. Tun yammacin Alhamis wayoyinmu suka ɗauki kururuwa da saƙon gwamnati cewa an ba da jan gargaɗi, kowa ya zauna a gida. A Drumalbin, arewa da mu kaɗan, an auna iskar tana gudun mil 100 a awa, wato kilomita 160 da ɗoriya. A Mace Head ta ƙasar Ailan ta kai kilomita 183. Da gari ya waye ranar Asabar na leƙa waje, rabin rufin rumfar ciyawa ya yi nasa wuri, itatuwa uku na kwance a kan shinge, wuta babu. Can a filin bayan gida kuwa dinyoyi ne sun rufe ƙasa, kai a sunkuye, suna ta tsinkar ciyawa kamar ba a yi komai ba.

Ina aiki ne a wata gonar shanu da tumaki kusa da Dumfries, a kudu maso yammacin Sikotland, inda mashigin tekun Solway ya raba Sikotland da Ingila. Wannan rubutu na ɗan'uwan da ya zo irin wannan aiki ne, ko ɗalibin noma da aka tura gona, wanda sanyin farko zai ƙare masa a nan. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa Afrilu abu ɗaya ake wa tsere: ciyawar farko. Abincin da aka tara tun bara ya kusa ƙarewa, tumaki sun yi nauyi da ciki, iska na karya abin da ke tsare dabba, dinya kuma na cin abin da dabbar za ta ci. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan ciyawa suke juyawa, amma sai mai rai ke kiwo, don haka da ranka za mu fara.

Kwana biyu kafin iska

Hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya ta fara raɗa wa guguwa suna a 2015 tare da takwararta ta Ailan, kuma gargaɗinta launi uku ne: rawaya, ruwan lemo, ja. Da ka ga rawaya ka fara shiri. Kada ka ce ai Janairu ya wuce. A Fabrairun 2022 guguwa uku suka jero cikin mako guda, Dudley da Eunice da Franklin, kuma ta tsakiyar ce ta kafa tarihin Ingila da mil 122 a awa.

Ka cika jarkokin man janareta da tankin tarakta, ka tayar da janaretan ka ji muryarsa tun da sauran haske. Ka caja waya da tocila. Ka cika kowane kwamin ruwa da kowane tanki, domin famfon rijiyar burtsatse da wuta yake aiki, saniyar tatsa ɗaya kuma tana iya shan lita 100 a yini. Duk abin da iska za ta iya ɗauka, daga kwanon da aka jingine zuwa buhun taki da babu komai a ciki, ka shigar da shi ko ka danne shi da taya. Ƙofofin rumfa a rufe su a ɗaure, don iskar da ta samu hanyar shiga daga ƙasa ita ce ke ɗaga rufi.

Sai abin da Bahaushe ya fi ɗan ƙasa saurin ganewa, wato lissafin wata. A bakin Solway akwai shimfiɗaɗɗiyar fadamar gishiri da ake kiwo a kanta, kuma teku na hawa kanta idan ya yi babbar cika. Babbar cikar tana zuwa sau biyu a wata, kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata da kuma bayan daren sha huɗu, tana ƙara ƙarfi idan an doshi 20 ga Maris. In ta haɗu da iskar kudu maso yamma, ruwan na wuce inda jadawali ya ce zai tsaya. Maƙwabtanmu sai sun buɗe takardar jadawalin teku, ni kuwa lissafin watan Musulunci na kaina. Idan gargaɗin iska ya faɗo a waɗannan kwanaki, a kwashe dabbobi daga fadama zuwa tudu tun da rana. Ruwan Solway ba ya zuwa ta gaba kaɗai, ta ƙoramu yake zagayowa ya yanke maka hanyar komawa.

Safiyar bayan guguwa: zagayen farko da ƙafa

Kada ka fita da duhu. A tsakiyar Fabrairu rana ba ta fitowa a nan sai wajen bakwai da rabi, kuma babu gyaran da ba zai jira hasken ba. Ka gaya wa wani inda za ka da lokacin da za ka dawo. Ka bar babur mai ƙafa huɗu a gida, ka taka da ƙafa, idonka na sama kafin ya sauka ƙasa.

Wayar wuta kake nema. Gonakin nan cike suke da turakun katako masu ɗauke da wuta mai ƙarfin gaske. Duk wayar da ka gani a ƙasa, ko ta yi lanƙwasa ta sauko, ko itace ya kwanta mata, ka ɗauka da wuta a jikinta ko da duk ƙauyen na cikin duhu, domin ana iya dawo da ita ba sallama. Ni ba na matsawa kusa da ita ƙasa da mita 10. Ka tuna wayar shinge ƙarfe ce: in wayar wuta ta faɗa mata a can ƙarshen fili, shingen duka ya zama tarko, har ƙofar da ka saba turawa da hannu. Ka kira 105, lambar kyauta ce ta matsalar wuta a Ingila da Sikotland da Wales. In rai na cikin haɗari, 999. Idan kuwa tarakta ce ta taɓo waya kana ciki, ka zauna a mazauninka ka yi waya. Sai in wuta ta kama za ka fita, kuma da tsalle za ka fita, ƙafa biyu a haɗe, ba tare da jikinka ya taɓa mota da ƙasa a lokaci guda ba, sannan ka yi ta tsalle-tsallen kwaɗo har ka yi nisa.

A wannan zagayen ba gyara kake yi ba. Hoto kake ɗauka. Kowace ɓarna ka ɗauke ta daga nesa yadda za a gane wurin, sannan daga kusa. Kamfanin inshora zai tambaya, kuma da zarar an share wuri hujja ta tafi.

Janareta ba sai na yi dogon bayani ba, kowa ya san gidan da hayaƙinsa ya kwantar a unguwarsu. A waje, nesa da taga. Kada kuma ka jona shi a soket ɗin bango irin dabarar gida. Wutar tana komawa kan layi ta kashe ma'aikacin da ke kan turke yana gyara. Gonar kirki tana da makunnin sauya layi, ka sa a nuna maka shi tun ranar da ka fara aiki.

Dabbobi

Ka ƙirga su, fili bayan fili, ka gwada da lissafin jiya. In sun gaza, bi shingen da ya faɗi, ka fara da ɓangaren titi. Saniyar da ta fita kan hanya ta haddasa haɗari, mai ita ne a ciki.

Shanun tatsa su ne ba sa jira. Saniyar da ta saba tatsa biyu a yini, in aka tsallake mata, hantsa ta cika ta yi tauri, ciwon hantsa na biyo baya. Madarar ma tana da doka: dole a sanyaya ta zuwa digiri 8 ko ƙasa in kullum ake zuwa ɗauka, digiri 6 in ana tsallake rana. Saboda haka wutar janareta ta farko ta injin tatsa ce da tankin sanyi. Shayin mutane ya biyo baya. A kira masu tankar madara a gaya musu ko hanya a buɗe take.

Tumaki masu ciki sun fi ban tsoro domin ba sa kuka. Cikin tunkiya kwana 147 ne ko kusa da haka, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na girman ɗan yana faruwa ne a makonni shida na ƙarshe. Gonakin da ke haihuwa a Maris da Afrilu suna tsakiyar wannan lokaci ke nan. Tunkiya mai tagwaye in ta yini a rakuɓe jikin katanga ba ta ci ba, jikinta sai ya koma cin kitsensa, ta kamu da abin da ake kira ciwon tagwaye. Alamarsa ita ce ka gan ta ta ware daga garke, ba ta zuwa wurin abinci, tana tsaye kamar makauniya, tana cizon haƙora. Kada ka jira gobe. A ɗura mata ruwan ƙarfi na musamman da ake ajiyewa don wannan, a kira likitan dabbobi, domin ƙarancin sinadarin ƙashi a jini ma haka yake kama tunkiyar da ta wahala, kuma shi allura ce ke tayar da shi cikin ɗan lokaci. Abin da ya fi duka shi ne abinci ya isa gare su a lokacin da suka saba, ko da a kafaɗa za ka kai.

Akwai abin da hannun Bahaushe zai so yi da kansa in ya tarar da dabba tana shure-shure: ya zaro wuƙa kada ta zama mushe. Ka riƙe hannunka. A ƙasar nan doka ba ta yarda a yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Ka kira mai gona ko likita. Wadda ta mutu ma ba a binne ta a gona a wannan yanki, akwai masu lasisin zuwa ɗauka.

Guba ita ce ɓarnar guguwa da ba a gani a hoto. Yadda makiyayi a gida ke tsoron gyauron dawa, haka ake tsoron abu biyu a nan. Na farko itacen da suke kira yu, mai duhun ganye sirara kamar allura, wanda ba ya kaɗe ganye da sanyi, ana yawan ganinsa a harabar coci da tsofaffin gidaje. Reshensa in ya faɗo cikin fili, ɗanye ko busasshe, ɗan kaɗan ya isa ya kashe saniya ko doki. Na biyu wani tsiro ne na bakin lambatu mai saiwa fara a tattare kamar ƙananan rogo, wanda mutanen nan ke wa laƙabi da yatsun matacce. Ambaliya ko yasar lambatu ke tono saiwar ta bar ta a sarari, shanu kuma suna son ta. Duk filin da ruwa ya bi, ka taka bakin lambatunsa kafin ka mai da dabba. In ka tsinci saiwar, da safar hannu za ka ɗauka.

Itacen da iska ta kayar

A nan zan daɗe, domin a nan na kusa barin duniya. Sanyina na farko, wata bishiya ta faɗi a kan hanyar shiga fili, saiwarta ta tuge ta miƙe tsaye da ƙasarta kamar bangon ɗaki. Na ɗauko injin yankan katako ina ganin ai itacen da ya riga ya kwanta ya fi na tsaye sauƙi. Dattijon da nake wa aiki ya hango ni daga nesa ya daka min tsawa. Da ƙwararre ya zo washegari, ya ɗaure tushen da igiyar ƙarfe, ya yanke gangar, sai ya sassauta igiyar. Tushen nan ya koma raminsa da wata irin ƙara da na ji ta a tafin ƙafata. Daidai inda na tsaya jiya ina auna wurin yanka.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne itacen da iska ta kayar kamar baka yake da aka ɗana. Gefe ɗaya na gangar a miƙe yake yana neman tsagewa, ɗaya gefen a matse. In ka yanka ta gefen da ke matse ka zurfafa, itacen ya cije maka zarto. In ka saki gefen da ke miƙe ba lissafi, gangar ta yi bulala ta doke ka, ko ta tsage ta tashi sama. Idan bishiyoyi da yawa suka faɗa kan juna, kowace na danne da ƙarfin 'yar'uwarta, ka taɓa ɗaya uku su motsa. Ko a cikin masu aikin daji, wannan aiki sai wanda ya yi masa horo na daban.

To me ya rage maka? Ka ja igiya ko kyalle mai launi ka kewaye wurin, ka kawar da dabbobi, ka hana yara shiga ramin tushe. Ka ɗaga kai ka nemi reshen da ya karye ya maƙale a sama, shi ne ke faɗowa ranar da babu ko iska. Ƙananan rassan da suka riga suka rabu da uwar suna ƙasa, waɗannan ka ja su da hannu. Sauran na mai takardar horo ne, da hular kwano da wandon kariya, kuma ba shi kaɗai ba. Ka kuma tuna wa mai gona cewa a Sikotland kwashe itatuwan da iska ta zubar, in sun wuce ɗan abin da doka ta yafe, sai da izinin hukumar gandun daji.

Shinge, rufi, ciyawar leda

Shinge gyaran wucin gadi ake fara yi masa: ƙyauren ƙarfe biyu ko uku a toshe giɓin, a ɗaure da igiyar dami. Na gefen titi da na iyakar maƙwabci su ne farko. Shingen lantarki a sa masa batir. Katangar dutse da ta zube a bar ta sai ƙasa ta tsane, a dai tare wurin.

Rufi kuwa kada ka hau. Tsofaffin rumfunan gona da yawa an rufe su da fallen siminti mai asbesto, wanda aka haramta a Birtaniya a 1999 amma yana nan birjik a kan gine-ginen da suka riga dokar. Ba ya ɗaukar nauyin mutum, kuma ba ya gargaɗi kafin ya fashe. Fallen roba mai shigo da haske ma in ya tsufa ya yi gansakuka ba ka bambance shi da sauran. Faɗowa ta cikin rufi na cikin abubuwan da suka fi kashe mutane a gonakin ƙasar nan. Gutsattsarin da suka zubo ƙasa kada a share su a bushe, kada a farfasa, kada a bi ta kansu da tarakta. A jiƙa su, a sa takunkumin da ya dace, a naɗe su a leda ninki biyu, a ajiye gefe sai masu izinin kwasa sun zo. Ƙurarsa ce ke shiga huhu, ciwon kuma sai bayan shekaru da yawa yake bayyana.

Sai damman ciyawa da aka naɗe a baƙar leda, wadda suke kira sailej. Sirrinta shi ne iska ba ta shiga. Reshe ko fallen kwano ya huda leda, ruɓa ta fara. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka goge wurin ya bushe, ka manne da faffaɗan salatif ɗin da aka yi don haka. Wanda ya yage sosai a fara ciyar da shi yau. Wanda ya yi fumfuna ko ƙasa ta shiga cikinsa kada ya je gaban tumaki ko kusa. Akwai ƙwayar cutar da ke yaɗuwa a irinsa ta taɓa ƙwaƙwalwa, ka ga tunkiya tana zagaye wuri ɗaya, kunne ɗaya a saki, ko ta yi ɓari.

Kwalbati da bakin magudana a buɗe su da cebur tun ranar farko. Ruwan da ya kwana uku a fili ya fi wanda ya wuce a dare ɗaya ɓarna.

Yanzu dinya

Iri biyu za ka fi gani. Akwai mai ruwan toka-toka da ƙafa ruwan hoda, wadda ke zuwa daga Aisland da gabashin Girinland. Sai ƙarama mai farar fuska da baƙin wuya da ƙirji, wadda Turawa ke kira banakul, kukanta kamar haushin ƙananan karnuka. Ita ce ta Solway ta musamman. Kusan duk waɗanda ke hayayyafa a tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, can kusa da ƙarshen duniya ta arewa, a wannan gaɓa suke cin sanyinsu bayan tafiyar kilomita kusan 3,000. A ƙarshen shekarun 1940 saura kamar 300 suka rage. Da aka hana harbinsu aka keɓe musu wurare irin su Caerlaverock, sai suka haura har wajen 40,000.

Wanda ya san Dagona da dausayin Haɗeja da Nguru ya san irin wannan baƙunta, domin agwagin Turai na sauka can da hunturu su juya arewa in zafi ya kawo kai. Bambancin shi ne baƙin Solway a gonar mutum suke kiwo. Bakin banakul gajere ne, gajeriyar ciyawa mai taushi take so, wato sabon shuka da aka zuba wa taki, filin da manomi ya fi kashe wa kuɗi. Cikinta ba ya tatse abinci sosai, saboda haka yini take tana ci, tana kashi duk bayan 'yan mintoci. Daga Maris cin nata ke ƙaruwa, domin kitsen da za ta yi tafiya da shi ta kuma yi ƙwai take tarawa. Kwananta a kan yashin teku ne, da asuba ta taso gona, amma in akwai farin wata har dare take kiwo. Daren sha huɗun nan dai, shi ke kawo teku shi ke kawo dinya.

Matakin farko: ka tambayi mai gona ko filin yana cikin shirin dinya. NatureScot, hukumar kula da namun daji da muhallinsu ta Sikotland, ta daɗe tana biyan manoman wannan gaɓa don su bar tsuntsayen su ci a wasu filaye ba tsangwama. In ka je da ƙwazonka ka kore su daga irin wannan fili, ka karya yarjejeniyar da ake biyan maigidanka a kanta. Ka nemi taswira, ka san inda aka bar musu da inda aka yarda a kora.

Na biyu, bindiga ba taka ba ce. Dokar namun daji ta 1981 ta kare banakul duk shekara, ba a harbinta sai da lasisi na musamman. Mai ƙafa ruwan hoda tana da lokacin farauta, amma yana rufewa 31 ga Janairu a tudu, 20 ga Fabrairu a bakin teku ƙasa da iyakar cika. A watannin da muke magana kusan duk ƙofa a rufe take.

Na uku, ka auna ɓarnar maimakon ka yi ta ƙorafi. Ka haɗa keji na ragar waya, mita ɗaya faɗi mita ɗaya tsawo, ka kafa uku ko huɗu a filin da suke sauka. Duk mako ka sa ma'auni ka gwada tsawon ciyawar ciki da ta waje, ka ɗauki hoto. Bambancin shi ne abin da dinya ta ci. Ka riƙa rubuta ranar da suka sauka da kiyasin yawansu: ka ƙirga goma, ka ga faɗin da goma ke ci a ido, ka auna garken da shi, in sun yi yawa ka koma hamsin-hamsin. A shekarar da na fara wannan na gano filin da muka fi zargin dinya a kansa ruwa ne ke kashe shi, don ciyawar cikin kejin ma ba ta tashi ba. Magudana ce ta toshe.

Na huɗu, kora. Duk wanda ya yi tsaron jan-baki a gonar gero yana yaro ya san dokar: tsuntsu na saba wa abin da ba ya motsi. Mutum-mutumi, tutocin leda, tsohuwar mota a tsakiyar fili, bindigar gas mai ƙara, kowanne na aiki kwana kaɗan sannan ka tarar da su suna kiwo a gindinsa. A riƙa sauya musu wuri duk kwana biyu ko uku, a riƙa cakuɗa su. Bindigar gas ba a barin ta tana tashi da dare, maƙwabta za su kai ƙara. Bayan guguwa ka je ka tayar da duk abin da ya faɗi, ka tsince ledojin da suka tsinke kafin saniya ta haɗiye. Abin da ya fi duka aiki shi ne mutum da ƙafarsa a filin da sassafe, kafin su sauka su natsu. Kuma kora ba ta da amfani in babu inda za su koma. Ka tashe su daga sabon shuka su faɗa filin da aka bar musu, wannan shi ne aiki. Ka yi ta yawo da su tsakanin filayenka biyu, ka ƙara musu yunwa ne kawai.

Filin da ruwa ya kwanta a kansa ya fi buƙatar tsaro, domin faffaɗar ƙafar dinya na dama saman ƙasa ya zama laka, ya bushe ya toshe. Ƙafar tarakta ta fi tata ɓarna sau ɗari. Kafin ka shiga da inji ko ka saki shanu, ka danna dugadugin takalminka: in ramin ya cika da ruwa, koma gida. Taki ma kada a yi masa gaggawa. Ciyawa ba ta motsi sai zafin ƙasa ya kai digiri 5 zuwa 6. Tsofaffin manoma suna da lissafinsu: daga 1 ga Janairu suna tara matsakaicin zafin kowace rana da ya haura sifili, in jimla ta kai 200 lokacin takin farko ya yi, muddin ƙasa ta tsane. A filin da dinya ke sauka, zuba taki da wuri kamar shimfiɗa mata tabarma ne, shi ya sa wasu ke jinkirta nasu a can su fara da filayen kusa da gida, inda motsin mutane ke hana ta zama.

Mushen tsuntsu

A sanyin 2021 zuwa 2022 murar tsuntsaye ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na banakul ɗin Solway. Bayan iska da babbar cika, teku na turo gawarwaki bakin fadama. Kada ka taɓa, kada ka bar kare ya ɗauka. Wadda ka gani tana juya wuya ko ta kasa tashi, ba ta farauta ba ce, ka bar ta inda take. A kai rahoto ga hukuma ta shafinta na intanet ko ta waya, da hoto da wurin da aka gani. In gonar na da kaji, ka duba ko iska ta yaye ragar akurkinsu, ka rufe abincinsu da ruwansu, ka wanke takalmin ruwanka da maganin kashe cuta kafin ka shiga wurinsu daga filin dinya.

A 'yan shekarun nan azumi na faɗowa daidai wannan lokaci, a 2025 ma da shigowar Maris muka ɗauka. Ƙishirwa ba ta damu, amma sanyi da jiƙa na cin ƙarfin mai azumi ba tare da ya ankara ba. Aikin nauyi da na kusa da inji ka yi shi da hantsi, ka bar ƙirgar dinya da manne leda zuwa la'asar.

Wajen ƙarshen Afrilu za ka ga sun canza. Kiwo ya ragu, surutu ya ƙaru, ƙananan garke na tashi su yi zagaye su dawo, bayansu ya yi nauyi har yana neman taɓa ƙasa. Iskar kudu suke jira. Wata safiya za ka fito ka tarar filin shiru, sun miƙa gaɓar Norwe inda za su yada zango kafin Svalbard, 'yan baya kuma su bi su a cikin Mayu. Ranar ka cire kejinka, ka rubuta awon ƙarshe, ka ba filin mako biyu ko uku ya farfaɗo kafin ka buɗe wa tumaki da 'ya'yansu ƙofa.